Unguwar Yumɓu a Bayan Utako

Ruwan bana ya zo da irin nacin da na daɗe ban gani ba. Yakan faro tun kafin a tashi daga makaranta, ba iska ba tsawa, ya yi ta zuba a hankali har tufafin da aka shanya a ɗaki su fara wari. Makon jiya muna zaune a ɗakin taro na makarantar da nake koyarwa a Garki, an rufe tagogi, wani matashin malaminmu, Malam Nura, yana ba mu bayanin bitar da aka tura shi. Ya kunna majigi, ya haska wata doguwar kalmar Turanci a bango.

"Constructivism ake ce masa," in ji shi. "Wato yaro ba fanko yake zuwa ba. Yana zuwa da abin da ya sani daga gida, a kansa yake ɗora sabo, kuma shi ke yin ginin da kansa. Aikin malami ya kawo kayan aiki, ya yi tambaya, sannan ya ja bakinsa ya yi shiru."

Ya juyo wurina saboda ni ce babba a cikinsu. "Hajiya, ko kin taɓa gwada irin wannan a aji?"

Na ce na taɓa, a wata damina. Ya jira in ƙara, ban ƙara ba. Ruwa yana sauka a kan kwanon baranda, ni kuwa hancina ya riga ya cika da ƙanshin jiƙaƙƙen yumɓu da hayaƙin ɗanyen itace, abubuwan da babu su a ɗakin.

Shekara ashirin ke nan ko kusa da haka. Ina amarya, na gama kwalejin horon malamai, na biyo maigidana Abuja. Ƙaramin ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya, ƙarfinsa bai kai ya kama mana ɗaki a Garki ko Wuse ba, sai muka sauka a wata unguwa da ke bayan Utako, wadda ba ta cikin tsarin birnin. Gidajen ƙasa ne da aka shafe da siminti, rufin kwano, da lunguna karkatattu da mutum biyu ba sa gittawa sai ɗaya ya raɓe. Akwai mutanen Filato da na kudancin Kaduna da na Binuwai, akwai Hausawa, akwai Gbagyi masu ƙasa. Kowa da yarensa a ɗaki, in an fito waje kuma a yi Hausa yadda ta zo. Maza suna tafiya tasha da wuraren gine-gine, mata suna kasa kaya a bakin titi.

A bakin unguwar akwai makarantar Mama Saratu. Tsohuwar malamar firamare ce daga Filato, ta yi ritaya ta zo zama wurin ɗanta, zaman banza ya gagare ta, ta tara yaran unguwa. Ajujuwa biyu ne na bulo. Ta ba ni manyan yara, 'yan shekara tara zuwa sha ɗaya, ita ta riƙe ƙanana.

Wannan ra'ayi da Malam Nura yake bayani, an koya mana shi a kwaleji. Na haddace, na rubuta a jarrabawa, na ci, na bar shi a can. Da na shiga aji sai na yi yadda aka yi mini: in rubuta a allo, in karanta, su maimaita, bulala tana hannun hagu ko da ba zan taɓa kowa ba. A ganina na iya aikina.

Damina ta faɗi da wuri a shekarar, tare da ita kuma masu jan fenti suka shigo. Suka bi gidajen gaba suna zana alamar rusau a bango, ba su yi wa kowa magana ba. Ba a daɗe ba katafila ta biyo bayansu. Ta fara da rumfunan bakin titi, inda yawancin iyayen yaranmu ke samun na abinci, sannan ta ci gidajen da ke kusa. Ajujuwanmu suna ciki. Allonmu a jikin bango aka shafa shi da baƙin fenti, don haka tare da bangon ya tafi. Littattafan da muka tsira da su muka kai wata rumfar kwano da ke bayan gidan Mama Saratu, can cikin unguwa, a tsallaken wani kwalbati da ya raba unguwar biyu. Ruwa ya bi ta ƙasa ya same su, suka kumbura suka manne da juna. Shugabannin unguwa suka yi ta zarya ofisoshi, suka dawo suka ce an yi musu alkawari rusau ba zai tsallake kwalbatin ba. Mu da muke tsallaken muka riƙe wannan magana da hannu biyu.

Dogon hutu ya zo, Mama Saratu ta ƙi rufe makaranta.

"In na rufe, Binta, ba wanda zai dawo," in ji ta. "Kuma a gida me za su yi? Su zauna su kalli uwa tana kuka?"

Yunwar shekarar ba ta shigo da hayaniya ba. Da farko yara suka daina zuwa da ɗan abin taɓawa. Daga nan suka fara kwantar da kai a kan benci tun hantsi. Itace duk ya jiƙe, gawayi ya yi wuya, kananzir sai an bi layi. Da safe in ka leƙa lungu sai ka ga mata sun duƙa suna hura wutar da ba ta son kamawa, hayaƙi fari yana rarrafe a ƙasa ya ƙi tashi. Mama Saratu takan jiƙa garin kwaki a babbar roba, ta barbaɗa gishiri in babu sukari, a raba a kofuna. Yaran sukan sha a hankali, kowa yana satar kallon kofin na kusa da shi. Ƙafafunsu kullum a jiƙe, tsakanin yatsu ya yi fari ya tsage.

Ranar farko a rumfar na tsaya da alli a hannu, ba abin da zan rubuta a kai. Rufin yana yoyo ta wurare da yawa, yara suka samo gwangwanayen madara da na tumatir da wani tsohon kwano mai faɗi suka tara. Ina fama su maimaita lissafi da ka, sai gardama ta tashi a baya. Wani yaro, Dauda, ya ce dogon gwangwani ya fi kwanon cin ruwa tunda ya fi shi tsawo. Wata yarinya ta ce ba haka ba ne.

Rahila ce, 'yar shekara goma, siririya, da tabo a haɓa. Mahaifinta ya rasu, uwarta tana gasa masara a bakin tashar Utako. A tsohon aji can baya take zama, in ana maimaici bakinta kawai ke motsi. Na daɗe da sa ta cikin marasa ƙoƙari.

Na buɗe baki zan raba gardamar, Mama Saratu da ke tsintar wake a gefe ta ce, "Bar su mana. Ina kike sauri? Allo ne ke jiranki?"

Na bar su. Rahila ta cika dogon gwangwanin ta juye a kwanon, ruwan ko rabi bai kai ba. Dauda ya ce ai ta zubar da wani a ƙasa. Ya karɓa ya yi da kansa, ya sake yi, sannan ya tsaya yana hararar kwanon kamar ya cuce shi.

"To ina ruwan ya tafi?"

"Bai tafi ba," in ji Rahila. "A nan kwance yake, a can kuma tsaye yake."

Darasin da na sha rubutawa a allo a zangon baya ba wanda ya riƙe, ranar suka gama shi da kansu. Kafin a tashi sun jera gwangwanayen daga mai ƙaramin ciki zuwa mai babba, ba ruwansu da tsawo. A hanyar gida, ina tsallake taɓo, abin da aka koya mana a kwaleji ya dawo mini, wannan karon da fuskokin yara a jikinsa.

Daga ranar na ajiye allin. Na koyi tambayoyi biyu: me ka gani, kuma yaya za mu tabbatar. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne shiru. Amsa tana kan harshena, yaro yana kewaye ta yana kuskure, sai in cije leɓe in bar shi. Wata rana sukan ɓata safiya guda a kan hanyar da ba ta ɓullewa, in koma gida ina jin na cuci iyayensu. Washegari kuma wani ya zo da dabarar da ni ban taɓa tunaninta ba.

Maman Rahila ta aiko mana da irin masara cikin tafin hannun 'yarta. Muka aro fartanya, yara suka yi kaftu a bayan rumfar, mu manya muka ja kunya. Filin kaɗan ne, dole rabin shukar ya faɗa ƙarƙashin wani babban mangwaro, rabi a sarari. Mama Saratu abin da za a ci take dubawa, ni kuma darasi. Da masarar ta fito, ta inuwa ta riƙa miƙewa da sauri, doguwa, siririya, ganyenta fari-fari. Ta sarari gajera ce, kore shar. Dauda ya ce shi ke nan, inuwa ta fi.

"Ba girma take yi ba," in ji Rahila. "Rana take nema."

Suka juyo suna kallona. Na ce, "Sai ta yi goyo mu gani."

Batun yumɓun ya samo asali ne daga darasin gabas da yamma. Ba mu da taswira, sai na ce kowa ya ɗebo yumɓu daga bakin kwalbati ya gina gidansu, ya ajiye a daɓen rumfar a inda yake ganin ya dace. Aka yi ta faɗa. Wannan ya ce gidansu ne kusa da famfo, waccan ta ce nasu ne. Wani ya gina ɗakinsu ya fi coci girma, aji ya ƙi yarda, aka tura shi ya auna duka biyun da taku. A nan suka yanke da kansu cewa taku kaza a waje zai zama faɗin yatsa ɗaya a daɓe. Suka fita cikin yayyafi da zare da kara suna auna lunguna, suna dawowa jiƙe suna gyara. Da suka gama, unguwarmu ce kwance a gabanmu: masallaci da ɗan hasumiyarsa ta tsinke, coci, famfo, mangwaro na reshen ganye, da kara guda a matsayin kwalbati. Iyaye sukan tsaya a bakin rumfar su nuna wa juna gidajensu suna dariya. Dariyar ta yi ƙaranci a daminar, shi ya sa na riƙe ta.

Katafila ba ta daina zuwa ba. Takan ɓace, a fara sakin jiki, sai a ji rurinta da safe. Ranar da ta ci gidan su Dauda, suka koma kwana a barandar coci. Ya zo makaranta a makare, rigarsa duk jar ƙasa. Bai gai da kowa ba. Ya je kan unguwar yumɓun, ya sa diddige ya danne gidansu har ya baje, ya koma ya zauna. Ban ce ya yi ba, ban kuma hana shi ba. Daga nan ya zama al'ada. Duk wanda aka rushe nasu, shi zai baje da kansa. Wanda iyayensa suka kwashe shi bai samu zuwa ba, maƙwabcinsa ya baje masa.

Azumi ya shigo a ƙarshen damina, lokacin da ake ruwa da safe, rana ta buɗe da azahar, ƙasa ta yi ta tururi. Zafi ne mai danƙo, riga tana manne wa baya, kwanon rumfar yana huci a kanmu. Maƙogwarona yakan bushe alhali ko'ina ruwa ne, yana ɗiga daga rufi, yana gudu a lungu. In na tashi daga makaranta sai in kama hura gawayi tun la'asar don kunu ya samu kafin magariba. Ƙosai ya zama na ranar Juma'a, sauran ranaku dafaffen rogo ne ko ɗan wake. Maman Rahila ba ta azumi, amma dab da kiran salla sai Rahila ta yi sallama da masara gasasshiya a cikin ɓawonta, daga abin da ya yi kwantai a tasha.

"Mama ta ce a sha ruwa lafiya."

Wata rana muna buɗe baki maigidana ya ajiye kofi ya ce mini wani abokinsa ya nuna masa zanen wurin. Sabon titi ne zai ratsa unguwar daga wannan baki zuwa wancan, ba kuma zai tsaya a kwalbati ba. Ya fara nema mana ɗaki a Kubwa.

"Ki bar shi a cikinki," in ji shi. "Kada a ce daga bakina ta fito."

Mama Saratu kaɗai na gaya wa. Ta ce dama jikinta ya ba ta. Ina jin manya da yawa jikinsu ya ba su, kowa dai yana gudun ya zama na farkon faɗa. A gaban yara kuwa magana ɗaya ce a bakin kowa: a kwalbati ne ƙarshe.

Ranar da abin ya faru an wuni ana yayyafi, rumfar ta yi duhu. Na ba su aikin auna tsawon masara, suka dawo. Rahila ta tsuguna a gefen unguwar yumɓun, ta daɗe ba ta motsa ba. Can ta ce wa Dauda ya miƙo mata zaren awo. Ta ɗora bakinsa a gurbin tsofaffin ajujuwanmu, ta ce ya danne, ta ja shi ta kan gidajen da aka baje. Duk suna ƙarƙashin zaren ko dab da shi. In kana tsaye a cikin lungunan nan karkatattu za ka ɗauka tsinta katafila take yi, yau nan gobe can. Daga sama kuwa layi ne miƙaƙƙe. Zaren bai ƙare ba, ta ci gaba da jan sa. Ya tsallake karan kwalbati, ya bi ta kan rumfar da muke zaune, ta kan gidanmu, ta kan nasu, ya fita ta wancan baki.

Yaran suka matso suka kewaye ta.

"Malama, ba za ta tsaya a kwalbati ba," in ji ta. "Daidai ne?"

Bakina ya riga ya saba. Na ce, "Ke me kika gani?"

"Na faɗi abin da na gani." Ta ɗago kai ta dube ni. "Wannan karon ke za ki faɗa mini."

Na waiga wajen Mama Saratu, ta sunkuyar da kai. Na tuna maganar maigidana. Na dubi idanun da ke kaina, yaran da na yi damina guda ina koya wa kada su karɓi magana sai sun gwada ta, ga shi sun gwada maganar iyayensu ta ƙi tsayawa.

"Daidai ne," na ce.

Ba wanda ya yi kuka. Wani ƙarami ya tambaya ko har masararmu za a take. Rahila ta naɗe zaren a yatsunta ta mayar inda muke ajiye shi. Da na gaya wa maigidana da yamma, sai ya ce, "To, ai ba ni na faɗa ba. Yara ne suka auna."

Washegari da sassafe Maman Rahila ta yi sallama a ƙofarmu, ta yafa leda a ka.

"Malama, yarinyan nan ta hana ni sukuni. Ta ce katafila zai zo har gidanmu. Shugabanni kuma sun ce a kwalbati ne ƙarshe. Wa zan ji?"

Na san abin da take tambaya. Wanda ya jira katafila, kwanonsa da ƙofarsa da katakonsa duk a ƙarƙashin ƙasa suke ƙarewa. Wanda ya cire da hannunsa yana da abin da zai kafa ɗaki a wani wurin. Amma cire rufi a cikin damina, a kan maganar 'yar shekara goma, ba ƙaramin abu ba ne.

"Maman Rahila, ni dai in da ina da inda zan kai kwanona, da na cire shi."

Ta gyara ledar da ke kanta. Ta ce tana da 'yar'uwa a Masaka.

Ranar da aka cire rufin gari ya waye fes, muka ce Allah ya taimake ta. Maza masu azumi suka hau sama da guduma, samarin coci suna karɓar fallen kwano a ƙasa, mata muna ɗaure kaya a zannuwa, yara suna tsintar ƙusoshi suna miƙe su a kan dutse. Ba a gama ba hadari ya taso daga gabas. Ruwan ya sauka kai tsaye a cikin ɗakin, a kan daɓen da suke kwana, ya riƙa wanke jar ƙasar bangon tana gangarowa. Maman Rahila ta tsaya a tsakiyar ɗakin ba rufi, ta ƙi fitowa, sai da Mama Saratu ta je ta kamo hannunta.

An loda kaya a a-kori-kura, har da murhun gasa masara a sama, sai aka nemi Rahila aka rasa. A rumfa na same ta. Na ɗauka baje gidansu ta zo yi. Ta sa hannu biyu ta ɓamɓare shi daga daɓen a hankali, ta naɗe a leda.

"Namu ba rushewa aka yi ba," in ji ta. "Mu muka ɗauke."

Direba yana ta hon. Ta kai bakin rumfar ta tsaya tana kallon masarar.

"Malama, in ta yi goyo ki aiko a gaya mini wacce ta fi."

"Zan aiko."

"Ko da ta inuwar ce ta fi, ki gaya mini."

Bayan tafiyarsu ƙarar guduma ta cika unguwar. Daga wannan gida sai wancan, kowa yana sauke rufinsa. Benci ya riƙa yin fili. Unguwar yumɓun ta tsattsage, ba mai gyarawa. Dab da salla muka karye masarar da ɗanyenta don kada mu rasa duka. Ta sarari ta yi goyo masu kauri. Ta inuwa ta wuce kaina tsawo, amma da muka ɓare sai totuwa da 'yan ƙwayoyi jefi-jefi. Dauda ya juya ɗaya a hannunsa ya ce, "Rahila ce da gaskiya." Muka gasa a bakin rumfar da 'yan yaran da suka rage. Na ɗauki tawa na kai gida na jira magariba.

Bayan salla katafila ta tsallake kwalbati. Ta bi inda zaren ya bi, sannan ta dawo ta share gefe da gefe. Muka koma Kubwa. Mama Saratu ta koma Filato, bayan wasu shekaru na ji labarin rasuwarta. Dauda ban san inda iyayensa suka nufa ba.

Da rani ya shigo na hau mota na tafi Masaka. Ban san sunan 'yar'uwar ba, ban san unguwa ba. Na bi masu gasa masara da masu soya doya a bakin titi ina tambayar Maman Rahila da ta taso daga bayan Utako. Kusan kowa a wurin rusau ne ya koro shi daga wani gefen Abuja, kuma Rahila ba ɗaya ba ce. Wata ta ce tana jin sun wuce wajen Keffi. Wata ta ce ta san wata mata mai masara da 'yarta ta rasu da zazzaɓi a ƙarshen daminar, sun kwana a ƙarƙashin tamfol kafin su kafa ɗaki. Na tambaye ta ko yarinyar tana da tabo a haɓa. Ta ce ba ta lura ba, kuma tana jin waccan ta fi wadda nake faɗa girma. Ko kuma ba ta kai ta ba. Na koma ba sau ɗaya ba, har maigidana ya ce in haƙura.

Yanzu ajina yana da farin allo da fanka da akwatunan kayan gwaji na roba masu launi. A mota ake kawo yaran, kowa da kular abincinsa, wasu ma sukan mayar da rabi gida. Har yau nakan zube musu kaya a tebur in koma gefe in yi shiru, suna kuma ganowa, kamar yadda waɗancan suka gano. Sai dai in yaro ya bar abin da ke hannunsa ya dube ni ido cikin ido ya ce in faɗa masa, nakan faɗa. Wani lokaci kuma, in wata siririyar yarinya a benci na baya ta ce wa na kusa da ita "ba haka ba ne," sai in ji alƙalamin allo ya yi mini nauyi a hannu. In tana raye ta kai shekara talatin. Nakan kalli haɓar mata a kasuwar Wuse, a layin asibiti, a cikin motar haya.

Ranar Asabar da ta wuce na ɗauki tasi na ce a kai ni bayan Utako. Titin yana nan, mai faɗi, da fitilu a tsakiya. Hagu da dama rukunin shaguna ne da gidaje masu dogayen katangu. Na sauka da lema, na yi ta tafiya ina neman inda kwalbatin yake, ko kututturen mangwaron, ko wani gangare da zan gane. Ko'ina an shafe da siminti, ruwa yana gudu a kai ba ya samun ƙasar da zai shiga. Na tsaya a wani filin ajiye motoci da nake ganin nan ne, ko kusa da nan.

Mai gadin wurin ya fito daga ɗan ɗakinsa, ya rufe kai da kwali.

"Hajiya, wa ake nema?"

Na ce makaranta nake nema, wata da take nan a da.

Ya duba hagu da dama, yana son ya taimaka. "Anya kuwa, Hajiya? Tun ana aza harsashin nan nake wurin. Fili ne kawai muka tarar. Ba a taɓa yin makaranta a nan ba."

Na ce to, na gode. Ya ce in shigo in fake har ruwan ya tsagaita. Na shiga na zauna a bencinsa, muna kallon ruwa tare, bai sake tambayata komai ba.